Jawabin Kama Aikin Sabbin Wakilan Kwamitin Filaye a Dakoro

 

Mai girma Perefe na gundumar Dakoro, ranka ya daɗe. Masu martaba sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku. Masu gari da hardaye, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, manoma da makiyaya, barkanmu da wannan rana. Ku kuma da kuka karɓi amanar kwamitin filaye, wato Kofo, yau, Allah ya taya ku riƙo.

Dokokin aikinku an karanta muku su, zan taɓo su ne kawai. Tun 1961 aka shata iyakar noma ta arewa, kuma duk mai bin kwarin Tarka ya ga yadda gonaki suka ƙetare ta. Dokar karkara ta 1993 ita ta haifi kwamitin da kuke shiga, ta zaunar da manomi da makiyayi a tabarma ɗaya. Ta 2010 kuwa ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ba alfarma ake yi masa ba. Abin da ya tsayar da ni gabanku ba ya cikin takardun nan. Shi ne hukuncin da zuciya take yankewa tun kunne bai ji komai ba, mai ita kuma bai sani ba.

Ni kaina ya kama ni. Wata kaka, gero ya nuna, aka kawo mana ƙarar ɓarna. Manomin ya shigo, na miƙa masa kujera, na kira shi da sunansa, na tambayi iyali. Makiyayin ya cire malfarsa, ya ajiye sanda, ya tsuguna bakin ƙofa. Na ce masa, “Kai, Bafillace, matso.” Sunansa ma ban tambaya ba. Kafin ya buɗe baki na gama lissafin jika nawa zai biya. Hausarsa ba ta da yawa, kalma ɗaya yake ta maimaitawa: “Hanya ce, hanya ce.” Wani dattijo a cikinmu ya ce ba zai sa hannu ba sai mun je da ƙafa. Da muka isa, sai ga turken siminti na burtali tsaye tsakiyar gero, karan wake ya nannaɗe shi. Gonar ce ta ci hanya, shanu sun bi inda kakanninsu suka bi.

Jama'a, da a ranar an ce mini ina ƙin Fulani, da na rantse da Alƙur'ani, kuma da gaskiyata. Saniyata tana hannun Bafillace, nononsu nake sha. Amma tun ina yaro kunnena ya saba da jin cewa duk inda aka yi ɓarna mai sanda ne da laifi, har maganar ta zauna ta zama kamar gani da ido. A rugga ma akwai irinta: yaro yakan tashi da jin cewa Kaɗo ba ya barin ciyawa ta tsaya. Kowa da abin da aka shayar da shi. Bambancin dai shi ne wanda ke riƙe da alƙalami, nasa zaton yakan zama tara.

Kada mu raina wannan. A watan Oktoba na 1991, a Toda, cikin jiharmu ta Maraɗi, an kashe Fulani sama da 100, akasarinsu mata da yara. Waɗanda suka ɗauki makami a ranar sun daɗe suna jin ana kiran maƙwabtansu da sunan ƙabila maimakon sunan yanka.

Kuma ba makiyayi kaɗai ba ne. Bazawara za ta zo kan gamanarta, a ce ta turo ɗan uwanta namiji ya yi magana. Wani zai zo da shaidun gado, a raɗa cewa ai kakansa bawa ne, alhali tun 2003 dokar ƙasa ta mai da bauta babban laifi. Buzu, maƙeri, mahauci, makaho: ku lura da yadda muryarku take sauyawa idan sun shigo.

Wa'azi ba ya cire wannan, sai sauya yadda ake zama. In kujera ɗaya ce, a fitar da ita, kowa ya zauna tabarma. Ku tambayi sunan kowa, ku rubuta shi. Wanda Hausarsa ba ta kai ba, a nemo masa mai fassara da Fulatanci ko Buzanci, wanda shi ya yarda da shi. Kada a faɗi adadin kuɗi sai an taka gonar, an auna ɓarnar, an nemo turakun burtali, an duba ko ranar sakin gonaki ta wuce. Kafin ku sa hannu, kowannenku ya tambayi kansa a ɓoye: da shanun na ɗan maigari ne, gonar kuma ta baƙo, haka zan yanke? A ƙarshen shekara ku buɗe littafinku, ku ƙirga wa aka ci tara, wa aka yi wa sassauci. In duk sun karkata gefe ɗaya, ku zauna ku tambayi dalili.

Wakilan makiyaya da na mata, ba don cika lissafi aka kawo ku ba. Dattijon nan da ya ƙi sa hannu shi ya cece ni daga cin haƙƙin mutum. In kun ga an karkata, ku faɗa, ko da shugaba ne. Shugaban kwamiti kuma, ina roƙonka, kada a sa taro ranar da ka san makiyaya sun yi arewa wajen Gadabeji da dabbobi.

Ranka ya daɗe Perefe, roƙona na ƙarshe shi ne, kafin ruwan shuka ya sauka, a ba waɗannan bayin Allah abin hawa su bi burtalolin gundumar nan, manomi da makiyayi tare, su ƙirga turakun da suka rage.

Allah ya ba mu damina mai albarka.