GAURAKA DA FADAMUNMU: JAWABI A TARON SHEKARA NA TSOFAFFIN ƊALIBAI

 

Shugaban taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai. Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Zan yi magana ne a kan tsuntsayen fadama masu dogayen ƙafafu, wato irin su gauraka da shamuwa da zalɓe da balbela da jinjimi, da kuma wata asara da ke samunsu wadda ido ba ya gani.

Da farko bari mu duba mazauninsu. Inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala tsakanin Jigawa da Yobe, nan ne dausayin Haɗeja-Nguru. In ruwa ya yi ambaliya ya janye, sai ya bar kifi da kwaɗi da ƙwari da ɗanyar ciyawa, abincin tsuntsu ke nan. Shi ya sa da kaka wasu tsuntsayen bakin ruwa sukan taso tun daga arewacin Turai, su ƙetare Sahara, su yi hunturu a wurinmu. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi.

To amma dausayin ya canja. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Babu mai musun amfaninsu, gama su ke ba Kano ruwan sha da na noman rani. Sai dai sun rage ambaliyar da fadama ke rayuwa da ita, ga kuma kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Tafkin Chadi ma, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980.

Yanzu ga muhimmin batun. Malamanmu na ilmin halittu sun koya mana cewa kowace halitta tana gadon kamanninta daga iyaye ta hanyar ƙwayoyin gado. In ka dubi garken gauraki sai ka ce duk ɗaya ne, alhali a cikin jininsu akwai bambanci. Wani ya fi jure cuta, wani ya fi jure zafi da yunwa, wata ƙwanta ya fi ƙyanƙyashewa. Wannan bambanci shi ne jarin kowane jinsi. Ranar da annoba ta faɗo, masu juriya ne za su tsira su ci gaba da haihuwa.

Manomanmu sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Manomi mai hangen nesa yakan shuka gero ya shuka maiwa, ya ajiye irin farfara ya ajiye na ƙaura, domin bai san irin daminar da za a yi ba. Haka makiyayi yakan nemo bijimi daga wani garke, don ya san in jini ɗaya ya daɗe yana zagayawa, 'yan maruƙa sukan zo da rauni. Tsuntsun daji ba shi da makiyayi. Abin da ke sabunta masa jini shi ne matasan da ke tashi daga wannan fadama su sami abokan zama a waccan. In fadamun da ke tsakani suka bushe, sai kowane garke ya zama kamar ƙauyen da aka yanke wa hanya, dangi su yi ta barbarar dangi, cututtukan da ke ɓoye a jini su bayyana, ƙwai ya riƙa lalacewa.

Akwai misalai biyu da duniya ta ɗauki darasi daga gare su. A ƙasar Sin akwai wani dangin jinjimi mai jar fuska wanda aka zaci ya ƙare, sai a 1981 aka gano guda 7 kacal a wani ƙauye cikin duwatsu. An tsare su, yau sun kai dubbai. Amma da masana suka gwada jinin na yanzu da na tsofaffin fatun da ke ajiye a gidajen tarihi, sai suka tarar kusan rabin bambancin gadonsu ya salwanta. Haka nan a Amurka da Kanada akwai wani farin dangin gauraka da garkensa mai yin ƙaura bai wuce 16 ba a 1941. Yau jimillarsu ta haura 800, amma dukkansu jikokin waɗancan 'yan ƙalilan ne. Abin lura a nan, jama'a, shi ne yawa yana iya dawowa in an yi ƙoƙari, amma bambancin da ya ɓace sai an yi zuriya bayan zuriya masu yawan gaske kafin a sami madadinsa.

Mu dawo gida. Gauraka ita ce ake ɗauka tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, amma ta kusa ƙarewa a dazuzzukanmu. Garkunan da suka rage a wannan yanki sun warwatsu: wasu a Senegal da Gini-Bisau, wasu a fadamun kogin Kwara cikin Mali, wasu a arewacin Kamaru da Chadi. Tun 1992 masana suka taru a Kano suka yi taron ƙasa da ƙasa a kanta, a 2010 kuma aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana. Ban da bushewar fadama, babban abin da ya cinye ta shi ne kamu. Ana kwashe ƙwai da 'yan tsaki a sayar wa masu hali, a fige fiffike, a ajiye a tsakar gida don ado. Gauraka kuwa ba ta da saurin yaɗuwa. Takan yi shekaru kafin ta fara ƙwai, ƙwan ma 'yan kaɗan, a cikin ciyawa mai ruwa lokacin damina. Kowace ɗaya da aka tsare a gida, an cire jininta ke nan daga jarin danginta.

Sai ku gwada ta da shamuwa. Tana zuwa da farkon damina, ta yi sheƙa a kan bishiya a tsakiyar gari, babu yaron da zai jefe ta domin iyaye sun hana. Ba dokar gwamnati ce ta tsare ta ba, tarbiyya ce. Ashe dai muna da maganin a hannunmu.

Don haka ina da roƙo guda huɗu. Na ɗaya, kada ɗayanmu ya sayi gauraka ko ya karɓe ta kyauta, gama in babu mai saye, mai kamu zai bari. Na biyu, 'yan'uwanmu da ke ma'aikatun ruwa da gona da muhalli su tsaya a kan a riƙa sakin ruwa daga madatsu a kan kari, a kuma yashe hanyoyin da kachala ta toshe. Amfanin wannan zai kai ga masunci da manomin shinkafa da makiyayi tun kafin ya kai ga tsuntsu. Na uku, a yi hattara da maganin ƙwari a bakin ruwa, musamman lokacin feshin jan-baki. Na huɗu, wannan ƙungiya ta taimaka a kafa kulob na kula da muhalli a makarantarmu, a riƙa kai ƙannenmu fadama a watan Janairu, lokacin da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa.

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Waɗannan halittu amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu.