Ruwan Tukunyar Ɗumama Gida da Maganin da Ake Zuba Masa



Mai yiwuwa ne wani ya ce, ina ruwan wanda rana ta ishe shi da batun ɗumama gida? To, da yawa daga cikinku za su tafi Ingila ko Jamus ƙarin ilmi, kuma a can gidan da tukunyarsa ta mutu a tsakiyar hunturu ba ya zaunuwa.

Ga yadda abin yake aiki. Tukunya tana dafa ruwa, injin tura ruwa ya kora shi ta bututu zuwa lagireton da ke jikin bangon kowane ɗaki, ruwan ya saki zafinsa, sa'an nan ya komo tukunya. Watau ruwa ɗaya ne yake ta kewayawa shekara da shekaru a cikin baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, wani lokaci har da alminiyum.

Ruwan famfo yana shigowa da abokan gaba biyu. Na farko iskar oksijin, wadda take cin baƙin ƙarfe ta mai da shi baƙar laka. Lakar nan takan kwanta a gindin lagireto, shi ya sa za ka taɓa samansa da zafi, ƙasansa kuwa sanyi ƙalau. Na biyu farar ƙasa da ta narke cikin ruwa, kamar yadda take a Landan da kudu maso gabashin Ingila. Ita ce take yin ɓawo irin na cikin butar shayi, ta hana zafin wuta isa ga ruwa, har tukunya ta riƙa gurnani, kuɗin gas kuma ya hau.

Maganin da ake zubawa aikinsa rigakafi ne. Yana shafe fuskar ƙarfe da wani siririn lulluɓi, ya hana tsatsa kamawa. Lakar da ta riga ta taru kuwa ba ya kwashe ta, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Lalle ne a fara zuba maganin wanki, a bar shi ya kewaya, a zubar, a ɗauraye har ruwa ya fito garau. Bayan haka ne ake zuba na rigakafi. Alal misali, Sentinel X100 ana zuba lita 1 ga lita 100 ta ruwa. A kashe tukunya ta huce, a rufe bawul biyu na lagireto ɗaya, a rage ruwansa, a ɗura maganin ta kafar sama, a buɗe, a ƙara ruwa har allura ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 a ma'aunin matsi. A tsofaffin gidaje, a ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin rufi ake zubawa, kuma a yi hattara kada a zuba a babban da ke kusa da shi, domin wannan na ruwan wanka ne.

Alminiyum yana son kulawa dabam. Matanmu sun san abin da kanwa take yi wa tukunyar alminiyum. Haka ruwa mai kaifin kanwa yake cin cikin tukunyar ɗumama, don haka ake so ma'aunin pH ya zauna tsakanin 6.5 da 8.5.

Ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 7593, bugun 2019, ta nemi a gwada ƙarfin maganin kowace shekara, a sabunta shi bayan shekara 5 ko a aika da ruwan ɗakin gwaji, a kuma sa matata a kan bututu. Jamusawa, a ƙarƙashin ƙa'idarsu ta VDI 2035, sun fi karkata ga cika tukunya da ruwan da aka riga aka tace wa gishirinsa. A ganina dabararsu ta fi kama tushen cutar. Amma ko wace hanya aka bi, yoyo yana rushe ta, gama duk ruwan da aka ƙara sabuwar oksijin ce aka shigar, maganin kuma aka tsarma. Wanda ya ga allurarsa tana faɗuwa kowane mako, ya nemi inda ruwa yake zurarewa kafin ya sayi wata kwalba.