Mai Neman Gida da Dillali

Tun da rashin tsaro ya fara koro mutane daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da kewayen Badarawa zuwa cikin gari, ɗakin haya ya yi wuya a Kaura Namoda. Ga kuma ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, kowa sai neman dillali yake.

Kafin ka taka zuwa ganin gida, malam, ku gama maganar la'ada. Nawa ce, kuma wa zai biya, kai ko mai gida? Rigima da yawa da ke kai mutane gaban mai unguwa daga nan take tashi. Ka faɗa wa dillali gaskiyar ƙarfinka da yawan iyalinka, kada ya yini yana yawo da kai a babur alhali kuɗin ɗaki ɗaya ka riƙe. In ya nuna maka gida kuwa, ka zagaye shi ka shirya da mai gida a ɓoye, gumin bawan Allah ka ci.

Kai ma dillali, ka ji tsoron Allah a kan wanda ya gudo da 'ya'yansa. In rufin yana yoyo, ko rijiyar gidan tana ƙafewa da rani, ka faɗa masa kafin ya biya, kuma a rubuta takarda gaban shaidu.