Kyamarar da ke Bin Motsin Kai

Masu zaɓe a Bagudo da Ka'oje da Illo sun ga na'urar BVAS a 2023, wadda ke gwada fuskar mutum da hotonsa na rajista. Akwai fasahar da ta zarce wannan, inda manhaja ke bin motsin kai ta kyamarar kwamfuta, tana sarrafa kibiyar nuni da ke kan allo, har wanda shanyewar jiki ta hana shi amfani da hannu ya iya rubutu. Manhajar Camera Mouse, wadda aka ƙirƙira a Boston ta Amurka, kyauta ce tun 2007, sai dai tana buƙatar wadataccen haske da tsayayyiyar wutar lantarki, wadda garuruwan iyakar Benin irin su Lolo da Tsamiya ba su cika samu ba.