Gidan Zuhudu Na Fontevraud: Inda Mace Ta Mulki Maza



An ba ni minti goma in yi magana kan tarihi, sai na zaɓi wani gida a yammacin Faransa, kusa da kogin Loire, mai suna Fontevraud. A da gida ne na matan Katolika masu zaman zuhudu, irin waɗanda muke kira sistoci.

Wani mai wa'azi, Robert na Arbrissel, ya kafa shi a shekarar 1101. Jama'a ce ta yi ta binsa, maza da mata, attajirai da talakawa, har abin ya fara jawo tsegumi, dole ya sama musu mazauni. Aka raba wurin sassa-sassa: na sistoci daban, na maza masu zuhudu daban, na kutare daban, da kuma na matan da suka tuba daga zaman banza.

To, ga abin da ya ja hankalina a matsayina na ma'aikacin gwamnati. Robert ya ɗora mace a kan kowa da kowa, har da mazan. Kuma ya ƙi ɗauko wadda ta tashi a cikin gidan zuhudu tun tana yarinya. Ya fi son wadda ta yi aure, ta riƙe gida, ta san lissafin gona da rigimar gado. Haka aka naɗa Petronille ta Chemillé a 1115, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. A ganina mutumin nan ya fahimci cewa tsoron Allah kaɗai ba ya koya wa mutum tattara kuɗin haya ko ciyar da ɗaruruwan bakuna. Mazan sun sha yin bore, amma tsarin bai rushe ba: mata 36 ne suka shugabanci gidan, ɗaya bayan ɗaya, kusan shekara 700.

Sarakuna ma sun rungumi wurin. A nan aka binne Sarki Henry na Biyu na Ingila a 1189, sai ɗansa Richard a 1199. Malaman tarihinmu za su tuna shi, shi ne Mai Zuciyar Zaki da ya kara da Salahuddin Ayyubi. Mahaifiyarsa Eleanor a nan ta yi yawancin tsufanta, aka binne ta a 1204.

Juyin juya halin Faransa ne ya tarwatsa gidan. A 1792 aka kori sistocin, shugabarsu ta ƙarshe ta mutu cikin talauci a birnin Paris. Napoleon ya ba da umarnin mayar da ginin kurkuku a 1804, aka yi ta tsare fursunoni a ciki har 1963. Ƙasusuwan sarakunan sun ɓace, amma siffofinsu da aka sassaƙa suna nan kwance a cikin majami'ar, Eleanor riƙe da littafi a buɗe.