Ɗan Aike Da Takardar Bayani

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin matasa, Ƙofar Durbi, Katsina

 

Wani abu ne ya faru a ikkilisiyarmu da ya jawo wannan magana. A lokacin nazarin Littafi Mai Tsarki, wani saurayi ya karanta aya daga wayarsa. Wani dattijo da littafinsa yake buɗe ya ce ba haka take a nasa ba. Muka duba fassarori biyu da muke da su, ba mu sami kalmomin ba. Ashe manhajar da ya tambaya ce ta ɗauko ayar Turanci, ta juya ta zuwa Hausa da kanta, ta liƙa mata sura da aya. Yaron ba shi da laifi, ya gaskata abin da ya gani ne.

Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamba 2022, irin waɗannan manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira sun shiga hannun 'ya'yanmu. Asalin aikinsu shi ne harhaɗa kalmomi bisa abin da suka saba gani. Ba sa buɗe littafi sai an haɗa su da rumbun da aka ajiye fassarori a intanet. Idan an haɗa su, sai su zama kamar ɗan aike: ka tura shi rumbu, ya ɗauko maka aya.

To, kowane rumbu yana da takardar bayani da masu gina shi suke rubutawa, ita ce ɗan aiken yake karantawa kafin ya shiga. Takarda mai kyau tana faɗin sunan kowace fassara, shekarar da ta fito, mai haƙƙinta, yadda ake rubuta sunayen littattafai, da amsar da za a samu idan ayar ba ta nan. Idan ta gaza, ɗan aiken zai yi ƙiyasi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma wannan ɗan aike ya fi son ya kawo wani abu da ya dawo hannu wofi.

Akwai wurare uku da wannan ya shafe mu.

Na farko, fassarar Hausa ba ɗaya ba ce. Tun 1857 James Schön ya fassara Bisharar Matiyu. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekaru da yawa. Kusan shekara hamsin bayan haka aka fitar da wadda yawancinmu muka tashi da ita, ga kuma Sabon Rai Don Kowa ta 2020. Idan takardar ta ce “Hausa” kawai, wacce ɗan aiken zai ɗauko?

Na biyu, sunaye da haruffa. Bishara ta huɗu Yahaya ce a wata fassara, Yohanna a wata. Ga kuma ƙ, ɗ da ɓ, waɗanda wasu rumbuna ba sa gane su idan an rubuta k, d da b. Mai neman “ƙauna” yana iya tashi a tutar babu.

Na uku, lambobi. Rabon surori da muke bi ya fito ne daga Stephen Langton a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma daga Robert Estienne a 1551. Malakai sura huɗu ce a namu, uku a na Ibrananci. Ayyukan Manzanni 8:37 kuwa, sababbin fassarori da dama sun mai da ita ƙasan shafi, domin ba ta cikin rubuce-rubucen Helenanci mafi daɗewa. Idan ba a bayyana wa ɗan aiken haka ba, yana iya cike gurbin da nasa.

'Yan'uwa, mu 'yan kaɗan ne a garin nan, muna zaune da maƙwabta Musulmi waɗanda suke girmama nassi, suna haddace shi harafi harafi. Ranar da ɗanmu ya nuna wa abokinsa ayar da babu ita a littafi, mu da kanmu muka ba da dalilin a ce ba mu riƙe littafinmu da kyau ba. Amana idan ta zube, tattara ta da wuya.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu. Kada a karanta aya a bagade, ko a makarantar Lahadi, ko a tura ta a WhatsApp, sai an faɗi sunan fassarar. Duk ayar da manhaja ta bayar, a gwada ta da bugaggen littafi ko da YouVersion, inda sunan fassara yake a bayyane. Gani ya kori ji. Matasanmu da suka karanta kwamfuta su duba takardar bayanin kowane rumbu, su rubuta wa masu shi inda Hausa ta sami naƙasu. Kowace ikkilisiya kuma ta ajiye aƙalla fassarori biyu bugaggu.

Ba mu ce a jefar da waya ba. A sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni an yabi mutanen Biriya domin sun bincika Nassosi kowace rana, su tabbatar da abin da Bulus ya faɗa. Idan an bincika maganar manzo, balle ta na'ura.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya kiyaye ikkilisiyarsa. Amin.