Bishara ba hajar kasuwa ba ce

Jawabin da aka yi wa ƴan'uwa Kirista a taron ƙungiya na bayan kaka, a Zabori.

Lokacin da aka ba mu kaɗan ne, don haka ga abin da ke tafe da mu.

Tun ɗaukewar ruwa muke jin labarin baƙin masu wa'azi suna zaga ƙauyuka, waɗansu daga wajen Kamba, waɗansu ta gadar Malanbil. Baƙunci ba laifi ba ne, bisharar ma baƙuwa ce ta zo ta iske kakanninmu. Abin da ya dame mu shi ne kayan cikin jakarsu: ƴan kwalabe na mai, ruwa a leda, hankici wai an yi masa addu'a, kowane da kuɗinsa. Su ce ka shuka jika biyar, Allah zai mayar maka da hamsin kafin wata ya mutu. Mu da muke koya wa yara lissafi a lakwal, har yau ba mu ci karo da wannan ƙa'ida ba.

Kun yi dariya, amma ku ji. Bara wata yarinya ta ajinmu ta kwana huɗu jiki kamar wuta. An gaya wa uwarta cewa zuwa likita rashin bangaskiya ne, ta shafa mai kawai. Baiwar Allah ta auna geron gida ta sayar, ta sayi man. Sai da kakar yarinyar ta goya ta da dare ta kai ta likita, aka ce zazzaɓin sauro ne. Ta tashi, mun gode Allah, amma ta yi wata guda ba ta taka aji ba. Mai man kuwa ya riga ya yi gaba.

To, mece ce bisharar da muka karɓa? Ita ce cewa Yesu Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, ya tashi a rana ta uku, gafara kuma kyauta ce ga duk wanda ya tuba ya ba da gaskiya. Wanda ya sa wa kyauta farashi ya mai da ita wani abu dabam. Wannan ciwo tsoho ne. A Ayyukan Manzanni sura 8, Siman mai sihiri na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya tsawata masa ƙwarai. Bulus kuma, a farkon wasiƙarsa ga Galatiyawa, bai ɗaga wa kowa ƙafa ba, har da kansa, har da mala'ika, in dai wata bishara ya kawo. Shi Bulus ɗin da ɗinkin tanti yake ci da kansa. Luka abokin tafiyarsa likita ne.

Mu duba ƙasarmu. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, wanda har yau Musulmi da Kirista suke zuwa neman lafiya. Waɗanda suka kawo mana Littafi sun kawo shi tare da allura da kinin, ba su taɓa cewa ɗayan ya kori ɗayan ba. Yaya wanda ya zo jiya a kan babur zai fi su sanin bangaskiya?

Kada wani ya ce abin ba ya kai ga rai. A 2023, a dajin Shakahola kusa da Malindi a ƙasar Kenya, an tono gawa fiye da 400, da yawa yara ne. Mai wa'azinsu, Paul Mackenzie, ya koya musu su ƙi abinci har mutuwa don su sadu da Yesu. Tun kafin nan ya hana su kai yara makaranta da asibiti. A nan ne kunnenmu ya kamata ya tashi, domin da irin maganar da aka yi wa uwar yarinyar nan aka soma.

Akwai kuma kunya. Mu kaɗan ne a nan, tsakiyar ƴan'uwanmu Musulmi, rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. In mai kwalba ya cuci mutum ya tafi, ba sunansa za a riƙe ba, namu ne.

Mutanen Biriya, a sura 17 ta Ayyukan Manzanni, Bulus da kansa ya yi musu wa'azi, amma kullum sai sun buɗe Littattafai sun gwada maganarsa, aka kuma yabe su. Mu ba mu da hujja. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, aka sake fassara shi a 1979. Sai dai mun lura rabin iyayenmu mata suna riƙe shi ne kawai, ba su iya karanta shi ba, su ne kuwa ake fara bi gida-gida.

Saboda haka muna roƙon dattawa abu biyu. Baƙon mai wa'azi ya fara sauka wurinsu, a tambaye shi ikkilisiyar da ta aiko shi da sunan fastonsa, kafin a shimfiɗa masa tabarma. Sa'an nan a ba mu yammacin Laraba da Asabar mu buɗe ajin karatun Hausa na manya. Allo da alli muna da su. Fitila da benci biyu ne suka rage, ma'aji ya ce zai duba asusu.